Kafin ka sayi katin Wi-Fi don Linux

Da yawa kan ɗora Linux a kwamfuta, sai Wi-Fi ya ƙi tashi, abin takaici. Galibi matsalar tana ga ƙaramin guntun lantarkin da ke cikin katin. Sunan jikin kwali ba ya nuna shi, domin kamfani kan sauya guntu ya bar sunan kaya yadda yake.

Katunan Intel da Atheros yawanci suna kamawa nan take, manhajar sarrafa su tana cikin Linux. Broadcom kuwa ya sha wahalar da mutane, haka wasu na Realtek masu USB.

Rubuta umarnin lspci ko lsusb a Linux, za ka ga sunan guntun. In kasuwa za ka, tafi da Linux a filash, ka gwada a gaban mai kaya kafin ka biya.