Ta Ina Ruwan Yake Shiga?

A-kori-kura ce ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975. Ta kawuna ce, da ita yake jigilar masara da taki tsakanin birnin Zariya da kasuwannin Giwa da Soba. Da bazara wani dutse ya tashi ya fasa mata gilashin gaba, aka sa sabo tare da sabuwar roba. Daminar farko ta wuce da ɗan danshi kawai. Ta biyu na kankama, sai ruwa ya fara kwanciya a ƙarƙashin ƙafar direba, tabarmar ƙasa ta jiƙe sharkaf, motar ta ɗauki warin ruma.

Abubuwa uku ne suka ɗaure wa kowa kai. Na farko, ko bokiti nawa aka sheƙa mata a wurin wanki, ɗigo ɗaya ba ya shiga, amma yayyafin marka na dare ɗaya ya isa a wayi gari ana kwalfe ruwa. Na biyu, in ta kwana a tasha ba ta cika yoyo ba, sai in ta kwana a ƙofar gida, a lungun da ke ciki da Ƙofar Doka. Na uku, da Kawu ya ga ruwan daga kusurwar gilashin ta ƙasa ta hagu yake sauka, ya sa aka cike wurin da gam. Maimakon a samu sauƙi, sai yoyon ya ninka. Har wasu suka fara cewa motar da hannu a cikinta.

Aka kwatanta mana wani dattijo mai sa gilashin mota a Tudun Wada, muka kai masa ita. Ya saurari labarin har ƙarshe bai katse ba, sannan ya ce, “Alhaji, ruwa ba ya tsami banza. Ka taɓa gyaran rufin soro? Inda ka ga ɗigo a ɗaka ba nan ne ɓarakar take ba. Ruwa ya shiga ta can, ya bi azara, ya sauko ta nan. Mu fara da waɗanda ba su da laifi, mu sallame su.”

Ya sa yaronsa ya goge cikin motar ta bushe, ya barbaɗa hodar jarirai a gefen gilashin ta ciki da saman dashbod. Ya ɗauki buta, ba tiyo ba, ya fara zuba ruwa daga ƙasa. Ya fara da ramin da ke gindin waifa, inda iska ke shiga mota, domin ganye da ƙasa kan toshe magudanarsa ruwa ya yi ambaliya ciki. Ruwa ya fita ta ƙasa sumul. Ya koma kan robar ƙofa, nan ma lafiya. Ya bi gilashin da farce, babu tsaga. Ya zuba a kusurwar da aka cike da gam, ya jira, hoda ba ta motsa ba. Na tambaye shi dalilin farawa daga ƙasa. Ya ce, “Ɗana, in ka fara daga sama ko'ina ya jiƙe, kowa ya zama abin zargi.”

Haka ya riƙa hawa taki-taki, yana jira a kowane mataki. Hagu gaba ɗaya ta fita. Da ya kai kusurwar sama ta dama, wadda ta fi kowace nisa da ƙafar direba, sai ya rage zubin ya zama siriri kamar na alwala, ya daɗe a haka. Har Kawu ya fara gajiya da tsayuwa. Nan ma shiru. Sai dattijon ya tambaya, “A ƙofar gida yaya take tsayuwa?” Kawu ya ce lungun a karkace yake, tayoyin hagu suna gangarawa wajen kwata. Aka kawo katako aka ɗora tayoyin dama a kai, aka sake zubi. Can sai ga wani siririn layi ya keto cikin hodar a kusurwar ƙasa ta hagu.

Batun tasha da ƙofar gida ya warware ke nan. Ruwan ta sama dama yake shiga, ya bi wata hanya a ɓoye, ya taru a duk inda ya fi gangare. Saura a san hanyar, da abin da ya buɗe masa ƙofa.

A nan sai an fahimci yadda ake zana robar gilashi. In ka yanka ta ka dubi bakin yankan, za ka ga tsagi biyu. Ɗaya yana rungume bakin gilashi, ɗayan yana cizon bakin ƙarfen bodi. Daga waje kuma akwai leɓe siriri da ke kwanciya a kan fenti. Ba manne robar take yi ba, matsewa take. Mai zane yakan yi tsagin ya ɗan fi abin da zai shiga cikinsa ƙunci, ya kuma lanƙwasa leɓen fiye da inda zai zauna, domin ya kasance kullum yana turawa. Taurinta ma aunawa ake yi, galibi tsakanin 60 da 70 a ma'aunin Shore A: in ta fi haka tauri ba za ta bi lanƙwasar bodi ba, in ta fi haka laushi ba za ta riƙe gilashi ba. Ita ce kuma ke shanye murɗawar bodi a kan hanya mai gargada, da bambancin buɗewar ƙarfe da gilashi in rana ta buga.

Dattijon ya yago takarda daga littafin rasit, ya riƙa cusa ta ƙarƙashin leɓen yana zagayawa. A yawancin wurare leɓen ya cije ta. A kusurwar sama ta dama kuwa ta shige ba gardama, ta fito ba gardama. Ɓarakar ba ta wuce kaurin takardar ba. Wannan shi ya amsa tambayar wanki: ruwan bokiti sheƙowa yake ya wuce cikin daƙiƙoƙi, amma ƙaramar kafa tsotsar ruwa take yi a hankali, don haka sai ruwan da ya daɗe yana jiƙa wuri ne zai cika hanyar. Zariya kuwa tana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma a Agusta yakan wuni ya kwana yana zuba.

Aka ciro gilashin. A cikin tsagin da ke cizon ƙarfe ga jar ƙurar hunturu nan ta zama busasshen taɓo, ta zana hanyar ruwan tun daga sama, ta gangaro ta gefen dama, ta bi ƙasa har hagu. A ƙarshen layin ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura. Dattijon ya ɓamɓaro gam ɗin ya miƙa wa Kawu. “Alhaji, da can ruwan da ya iso nan yana samun wajen tsiyayewa waje ta ƙarƙashin leɓe. Da ka toshe, ina zai bi in ba ciki ba?” Ya ƙara da cewa irin gam ɗin nan mai warin tsami in yana ɗanye, sinadarin da yake fitarwa ma yana taimaka wa tsatsa.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce babba: me ya ɗage leɓen roba sabuwa, alhali ta asali ta shekara da shekaru ba ta yi ba?

Ya ɗauki igiya ya auna zagayen bakin ƙarfen, ya shimfiɗa robar a ƙasa ya gwada. Ta gaza da kusan faɗin yatsu uku. Ba robar da aka zuba wa wannan mota ba ce, irin ta nadi ce da ake yankowa a haɗa bakinta. An sa ta ne a tsakiyar zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 35 kuma baƙar roba ke yin laushi a rana. Mai sawa ya ja ta har ta kai. Roba kuwa ba ta manta tsawonta. Da sanyin hunturu ya zo ta riƙa komawa, kuma robar da ke cikin ja takan nemi yanke kwana, ta janye daga kusurwa ta ɗage leɓenta. Shi ya sa masu zane ke zuba kusurwoyin a cikin mazubi da lanƙwasarsu, in kuma ta nadi ce dole, a yanke ta da ɗan rara a tura ta ciki, kada a ja.

Sannan ya lanƙwasa kusurwar da yatsa ya ce mu matso. Ga ƙananan tsage-tsage nan jere, dukkansu sun gitta robar a kwance, babu wanda ya bi tsawonta, kuma a kusurwa kaɗai suke. Wannan sa hannun iskar ozon ce, wadda hasken rana ke haifarwa daga hayaƙin ababen hawa. Ɗan kaɗan ɗinta ya isa ya tsinka mahaɗan da ke cikin robar itace da ire-irenta masu araha, amma sai a inda robar take a miƙe take tsagawa, kuma kullum tsagar tana gitta hanyar jan. Tun da Charles Goodyear ya gano dafa roba da farar wuta a 1839 ake fama da wannan rauni, har zuwa farkon shekarun 1960 da aka samar da roba mai suna EPDM, wadda ginshiƙin ginin sinadarinta ba shi da waɗannan mahaɗai masu rauni. Ita ce yau ake yin robar ƙofa da ta gilashi da ita. Tsagewar da muka gani cikin ƙasa da shekara biyu ta nuna abin da aka sayar wa Kawu ba ita ba ce. Araha ba ta ado.

Gyaran bai ɗauki wuni ba. Aka kankare tsatsar, aka shafa maganinta da fenti, aka bari ya bushe. Aka samo robar da aka zuba wa 504 da kusurwoyinta, aka sa ta a gilashi, aka zura igiya cikin tsagin ƙarfe, aka shafa ruwan sabulu. Yaro yana danna gilashin da tafin hannu daga waje, dattijon yana jan igiyar daga ciki, leɓen yana hawa bakin ƙarfe kaɗan-kaɗan har ya zagaye. Aka maimaita gwajin buta a karkace, hoda ta zauna fara fat. Da za mu tafi ya ja kunnen Kawu: “Kada ka bari masu wanki su shafa mata man gas ko baƙin mai don ta yi sheƙi. Wannan robar ba ta tsoron rana, amma mai kumbura ta yake yi ya kashe ta. Ruwa da sabulu sun wadatar.”

Motocin zamani da gam na musamman ake liƙa musu gilashi, robar da ke gefensa kusan ado ce. Amma Keke Napep da tsofaffin bas-bas da a-kori-kura, waɗanda su ne ke ɗauke da abincin mutanen birni, har yau da roba suke dogara. Ruwan da ke shiga ta kusurwa ba tabarma kaɗai yake jiƙawa ba, yana cin ƙarfen da ke riƙe da gilashi a gaban fuskar direba. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa bai kamata masu gyaransa su riƙa sayen roba ido rufe ba. Ilimin gwada ta yana nan kusa, isar da shi gareji ne ya rage. Kafin nan, duk wanda zai canza gilashi ya tsaya a kan aikinsa. Ya tambayi ko robar ta motarsa ce ko ta nadi, ya hana a ja ta, ya duba ƙarfen kafin a rufe, kuma kada ya biya sai an zuba ruwa daga ƙasa zuwa sama a gabansa.