SANDAR GORA A KASUWAR MAHAYA DUWATSU

A ƙasar Amurka akwai wata hanya da ake kira Appalachian Trail, wadda ta taso daga jihar Georgia ta bi ta kan duwatsu da dazuzzuka har jihar Maine, tsawonta ya kai wajen kilomita 3,500, ta kuma ratsa jihohi 14. Kowace shekara dubban mutane kan ɗauki jaka a baya su kama wannan hanya da ƙafa, ba don fatauci ba, sai don sha'awa kawai. Da yawansu za ka gan su da sanduna biyu, ɗaya a kowane hannu, suna dogarawa domin rage wa gwiwa nauyi, musamman wajen gangara. To, a kan waɗannan sanduna ne wata 'yar sana'a ta tsiro, watau sassaƙa su da hannu daga gora, irin gorar nan da muka sani.

Gora ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, masu wasan zamiya a kan ƙanƙara da sandar gora ko ta ƙarfe suke tokarawa. A shekarar 1958 wani mutum mai suna Ed Scott, a garin Sun Valley na jihar Idaho, ya fito da sanda ta alminiyam mara nauyi, nan da nan kuwa aka yi wa gora tawaye. Daga baya, a 1974, kamfanin Leki na ƙasar Jamus ya ƙera sandar tafiya mai shigewa cikin juna, wadda mutum zai iya ƙara mata tsawo ko ya rage. Yau manyan masana'antu na fitar da irinta da yawan gaske, har da ta zaren kabon, mai sauƙi kamar kara.

Ina amfanin mai sassaƙa da hannu ya shiga takara da waɗannan? Idan a farashi za a kara, ya sha kaye tun kafin a buga ganga. Aikin nasa mai cin lokaci ne. Sai gora ta shekara uku zuwa biyar kafin ta ƙosa, a sare ta, a shanya ta a inuwa har ta bushe sarai, don wadda aka gaggauta takan tsage, ko ƙwari su hudde ta. Sannan a gasa ta a wuta a miƙe inda ta karkace, a goge, a shafa mata mai don kada ruwa ya shige ta, a sa mata mariƙi da maɗauri a sama, da tsinin ƙarfe a ƙasa. Ba kowace gora ke yi ba. Wadda aka fi nema ita ce ta ƙasar Indiya da ake kira gorar Kalkata, saboda cikinta kusan a cike yake, ba holoƙo ba.

Saboda haka masu wannan sana'a suka nemi wata ƙofa. Kamfanin Grass Sticks, wanda aka kafa a garin Steamboat Springs na jihar Colorado a 2014, yakan bar mai saye ya zaɓi tsawon sandarsa da launin mariƙinta, har a zana masa sunansa a jikinta. Wani kuma, Soul Poles na jihar Utah, ya yi suna da gayyatar masu saye su zo su haɗa sandunansu da hannunsu. Mutumin da ya goge sandarsa da kansa, ai ba ya buƙatar a roƙe shi ya yi tallarta, duk wanda ya tambaye shi a hanya sai ya ji labarinta tun daga farko.

Hanya ita ce babbar kasuwarsu. A garin Damascus na jihar Virginia, inda hanyar Appalachian ta bi ta tsakiyar gari, ana yin bikin matafiya kowane watan Mayu, ƙananan masu ƙera kayan tafiya kan kafa rumfuna a can. Sanda kuwa abu ce da sai an riƙe ta an dogara kafin a yarda da ita. Hoto a intanet yana jawo ido, amma nauyinta a tafin hannu shi ke fid da kuɗi daga aljihu.

Sai dai a faɗi gaskiya, wasu daga cikin masu tallar sukan wuce gona da iri. Cewa gora ciyawa ce mai saurin tofowa bayan an sare ta, wannan haka yake. Amma gorar da ta ƙetare teku daga Indiya, aka sa mata mariƙin roba, ba za a ce ba ta da alhakin komai a kan muhalli ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ƙarko: alminiyam yakan lanƙwashe ya zauna a haka, kabon yakan karye farat ɗaya, gora kuwa takan rusuna ta dawo.

Babban cikas shi ne ba ta naɗewa. Sanda mai tsawon santimita 120 ba ta shiga jaka, kuɗin aika ta a gidan waya ya fi na mai shigewa cikin juna, matafiyin da zai hau jirgin sama kuma yakan yi tunani sau biyu. Mutanen Japan sun daɗe da samun dabara a kan wannan. A dutsen Fuji, mai tsawon mita 3,776, ana sayar wa mahaya sandar itace a gindin dutse, a kowane zango kuma a ɗora mata tambari da ƙarfe mai zafi, a biya 'yan kuɗi kaɗan. Ga baƙin da za su koma gida a jirgi, sai aka yanka musu gajeruwa wadda ke shiga akwati, ba ta dogaruwa, amma tana ɗaukar tambari.