Me Ya Sa «Jama'a» Ke Komawa «Jama&#39;a» a Wayarka?

Duk mai karanta labarai a waya ya taɓa cin karo da wannan abu: kanun labari ya fito, maimakon «jama'a» sai ka ga «jama&#39;a», ko «'yan kasuwa» ta koma «&#39;yan kasuwa». Wasu su ce wayar ce ta lalace, wasu su rantse an yi wa shafin kutse. Ko ɗaya babu. Wannan tarkacen haruffa ɓurɓushin wata dabara ce da ake kare ka da ita, sai dai mai ginin shafin ya zuba gishirin sau biyu.

Shafukan intanet da harshen HTML ake rubuta su, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, a farkon shekarun 1990. A wannan harshe, abin da aka sa tsakanin alamar < da alamar > umarni ne ga burauza, ba magana ba ce ga mai karatu. Idan ka rubuta <b>Sanarwa</b>, burauza za ta haɗiye alamomin, ta fito maka da kalmar da kauri. To, yaya malamin kwamfuta zai yi in yana son ɗalibansa su ga umarnin da idonsu? Ya gama rubuta darasi, ya buɗe shafin, sai ya tarar misalin ya yi ɓatan dabo. Burauza ba ta san niyya ba, abin da ta gani shi take bi.

Maganin shi ne a sauya wa alamomin kama. A madadin < sai a rubuta &lt; a madadin > kuma &gt; alamar & ita kanta ta zama &amp; ɗan waƙafin sama na «jama'a» kuwa ya zama &#39;. Da burauza ta ga waɗannan, sai ta zana alamar a allo ba tare da ta ɗauke ta umarni ba. Idan wata manhaja ta yi sauyin, wata kuma ta zo ta sake sauya & ɗin da ke ciki, nan ne «jama&#39;a» ke fitowa fili. Masu koyo da yawa suna zaton sa misali cikin <pre> ko <code> ya wadatar. Bai wadatar ba. Su dai tazara da siffar haruffa kawai suke gyarawa.

Da abin ya tsaya ga kyan shafi, da ban ɓata takarda ba. Haɗarin yana inda baƙo ke da damar rubuta wani abu, kamar gurbin suna, ko adireshi, ko akwatin bincike. In shafin ya mayar da rubutun yadda aka shigar da shi, mugu zai iya cusa umarni a maimakon suna, umarnin kuma ya yi aiki a wayar duk wanda ya buɗe, da sunansa, kamar shi ne ya ba da izini.

A watan Oktoba na 2005 wani matashi ɗan shekara 19 a Amurka, Samy Kamkar, ya ɓoye irin wannan umarni a shafinsa na dandalin MySpace. Duk wanda ya leƙa, sai ya aika masa buƙatar abota ba da saninsa ba, umarnin kuma ya kwafi kansa zuwa shafin mai leƙen. Kafin kwana ɗaya ya cika, mutum sama da miliyan ɗaya sun kamu, dole kamfanin ya rufe dandalin don share ɓarnar. Abin lura, a lokacin MySpace yana tace wasu kalmomin umarni. Yaron sai ya raba kalmar gida biyu, matacin bai gane ta ba, burauza kuwa ta gane. Shi kansa bai sha da daɗi ba, don kotu ta kama shi da laifi. A 2020 ma, hukumar rajistar kamfanoni ta Birtaniya sai da ta tilasta wa wani kamfani sauya suna, saboda sunan nasa umarnin HTML ne tsagwaronsa, wanda zai iya tashi a duk shafin da ya kwafe shi babu kariya.

Saboda haka, ɗan'uwa mai gina wa makaranta ko shago shafi, kada ka amince da rubutun baƙo, ko da a ce iyaye ne kawai za su cike fom ɗin. A PHP akwai htmlspecialchars, a JavaScript yi amfani da textContent maimakon innerHTML, kuma ka yi sauyin sau ɗaya tak, lokacin nuna rubutun. Kafin ka miƙa aiki, rubuta <b>gwaji</b> a gurbin suna. In kalmar ta fito da kauri, ƙofarka a buɗe take.

Kai kuma mai karatu, in wani ya turo maka dogon rubutu mai cike da alamomi, ya ce ka liƙa shi a wani lungu na burauzarka don samun kyautar data ko leƙa asirin wani, kada ka liƙa. Makullin asusunka yake nema.