Tsalle Ɗari Biyu Kullum Ba Ya Mai Da Jijiya Ƙarfe

Tun bayan girbin gero wani saƙon murya yake yawo a wayoyin samarin Damana, har ya kai Filinge. Mai maganar bai faɗi sunansa ba. Cewa yake duk ɗan ƙwallon da ba ya son rauni ya riƙa tsalle ɗari biyu kullum da buhun yashi a kafaɗa, in gwiwa ta fara ciwo ya ci gaba, wai jijiya ce take nuna.

Akwai gaskiya a ciki. Atisayen tsalle yana cikin shirin ɗumama jiki na FIFA 11+ da aka tsara a 2006. Binciken da aka buga a 2008 kan 'yan mata 1,892 a Norwe ya nuna rauni ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, na Legas kuma a 2014, kan samari 416, da kashi 41 cikin ɗari. Sai dai hujjar ta shirin ce gaba ɗaya: minti 20, aƙalla sau biyu a mako, da gudu, da ƙarfafa cinya, da tsayuwa a ƙafa ɗaya. Tsallen ɗan kaɗan ne, kuma sauka ake koyarwa: a kan yatsu, gwiwa a lanƙwashe, kada ta karkata ciki.

 

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne batun ciwon. Ran nan da la'asar na ga wani yaro da bai wuce shekara 14 ba yana dirowa daga kan bulo a kan fako, da takalmin roba. Duk ya diro sai ya danna ƙasan ƙoƙon gwiwarsa ya cije leɓe. Wurin ya kumbura. A irin shekarunsa, inda jijiyar gwiwa ta kama ƙashin ƙwauri bai gama ƙwari ba, kowace dirowa jan sa take yi. Ko ga babba, tsoka tana ƙarfi cikin makonni, jijiya kuwa watanni take ɗauka, kuma tana son hutun kwana biyu bayan aiki mai nauyi. Wanda ya haɗiyi tiramol ya koma fili, ciwon kawai ya rufe, ɓarnar tana nan tana ci.

Ban ga laifin yaran ba. Burinsu su saka rigar Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasa, ba su da likitan ƙungiya, ga shawara ta zo kyauta. Wanda ya naɗi saƙon nake jin haushi, da manyan da suka tura ba tare da sun tambayi kowa ba.

Mai farawa ya ajiye buhun, ya nemi ƙasa mai taushi, ya yi kaɗan. In ciwo ya kwana ya tashi da kai da safe, ko ya sa ka ɗingishi, ka dakatar da tsallen, ka je asibiti a duba gwiwar.