Ƙaron Masana'anta: Siffofi da Amfanin Sinadarin PVA

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙaro, watau danƙon da ke fita daga jikin itatuwa irin su ɗakwara, wanda malamai ke zubawa a tawada don ta kama allo. Akwai kuma wani sinadari da ɗan Adam ya haɗa da kansa mai irin wannan hali, ana ce masa folibainil alkahol, ko PVA a taƙaice. Masana biyu, Hermann da Haehnel, su suka fara haɗa shi a Jamus cikin 1924.

Shi PVA folima ne, watau ƙananan ƙwayoyi iri ɗaya da suka sarƙafu suka yi doguwar sarƙa. Yana zuwa ne a matsayin farin gari marar wari. Babbar siffarsa ita ce narkewa cikin ruwa, domin sarƙar tana ɗauke da gaɓoɓi masu jawo ruwa. Wani nau'insa yakan narke a ruwan sanyi, wani kuwa sai ruwa ya yi zafi sosai. Idan ya bushe yakan bar siririn ɓawo mai ƙarfi wanda maiƙo ba ya ratsa shi.

Daga wannan siffa amfaninsa ya taso. A masaƙa ana shafa shi ga zaren tsaye don kada ya tsinke lokacin saƙa, sa'an nan a wanke shi ya fita kafin rini. Ana sa shi a takarda da gam da maganin ɗigawa a ido, ana kuma ƙunshe sabulun injin wanki da shi, ƙunshin ya narke tare da sabulun. A Japan kuwa aka sarrafa shi ya daina narkewa, ya zama zaren binilon, wanda aka fara yi don kasuwa a 1950.

Zuwansa ya taɓa cinikin ƙaro, wanda Sudan da Chadi da Nijeriya ke kan gaba wajen fitarwa. Alal misali, a 1968 Ingila ta soma sa PVA a bayan kan sarki maimakon ƙaro. Sai dai bai ture ƙaro daga harkar abinci ba, domin masu yin alewa da lemon kwalba da ƙaron itace suke aiki.