Kafin mu sayi furosesa don buɗe asusun wasa da yawa lokaci guda

Akwai tambayar da matasanmu masu wasannin intanet suke yawan yi wa masu haɗa kwamfuta: wace furosesa ce mai sauƙin kuɗi da za ta ɗauki asusu uku ko huɗu ko biyar na wasa ɗaya a lokaci guda? Amsar da aka fi ba su ita ce su nemi Core i7. Wannan amsa ta sa mutane da dama sun yi asarar kuɗin da suka daɗe suna tarawa. Galibi mai ba da shawarar ba cuta yake nufi ba, shi ma haka ya ji ana faɗa. Don haka ya kamata mu zauna mu fahimci abin tun daga tushe.

Da farko, me ake nufi da buɗe asusu da yawa? A wasu wasanni da dubban mutane ke shiga tare ta intanet, mutum ɗaya yakan mallaki asusu fiye da ɗaya, ya buɗe kowanne a tagarsa, yana juya su duka. A wasan EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aisland ya fitar a 2003, za a ga ɗan wasa da jirgi ɗaya yana haƙar ma'adinai, na biyu yana jigila, na uku yana gadi. Haka wasu ke yi a World of Warcraft. A wajenmu kuwa an fi yin haka da wasannin waya, ta hanyar manhajoji irin su BlueStacks da LDPlayer, waɗanda ke kwaikwayon wayar Android a cikin kwamfuta. Abin lura shi ne, kowace taga cikakken wasa ne mai cin gashin kansa. Wanda ya buɗe taga biyar ya ɗora wa na'urarsa wasa biyar ne.

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan ƙaramin guntun nan da ke yin duk lissafin da wasa yake buƙata. A cikinta akwai sassa masu aiki kowanne da kansa, waɗanda za mu kira cibiyoyi. A jikin kwali za a ga an rubuta cores. Mu ɗauki misalin shagon tela ana gobe sallah. Kowace cibiya tela ɗaya ce. Idan riga ɗaya ce tak za a ɗinka, tela ɗaya mai saurin hannu ya fi amfani a kan teloli goma masu nawa, domin ba yadda za a yi mutum goma su hau keke ɗaya. Amma idan riguna shida aka kawo lokaci guda, yawan telolin ya fara amfani, kowa ya ɗauki tasa. Akwai kuma abin da ake kira layin aiki, wanda ake rubutawa threads. Da yawa daga cikin cibiyoyin yanzu suna riƙe layi biyu, kamar telan da ya ajiye riga biyu a gabansa, idan yana jiran a kawo maɓallin ɗaya sai ya ci gaba da ɗaya. Hakan yana ƙara yawan aikin da yake gamawa, amma bai mai da shi tela biyu ba.

A nan ne shawarar mai wasa ɗaya ta bambanta da ta mai asusu da yawa. Mai wasa ɗaya saurin kowace cibiya ya fi damunsa. Mai taga biyar yana buƙatar cibiyoyi isassu, kuma masu ɗan sauri, domin tagar da yake kallo a gabansa tana son tela mai hanzari yayin da sauran ke aiki a baya.

Yanzu mu koma kan sunan nan na Core i7. Kamfanin Intel ya fara amfani da shi tun 2008, kuma ya ci gaba da liƙa shi a kan furosesoshi iri-iri shekara da shekaru. Saboda haka sunan shi kaɗai ba ya gaya mana komai sai mun duba lambar da ke biye da shi, wadda ke nuna zubin da aka yi ta. Core i7-3770 ta 2012 tana da cibiya 4 da layi 8. Core i3-12100 ta 2022 ita ma cibiya 4 ce da layi 8, amma ta fi waccan sauri nesa ba kusa ba, ga shi sunanta i3. Abin ya fi muni a kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu da suka cika kasuwanninmu, daga Computer Village ta Ikeja zuwa shagunan Kano da Kaduna: Core i7-7500U cibiya 2 kawai gare ta. Wanda ya saye ta don ya buɗe taga huɗu zai ga wasa yana tsayawa yana tafiya, ya zaci intanet ce, alhali matsalar tana cikin na'urar.

To me ya dace da mai ƙaramin ƙarfi? A ganina, cibiya 6 da layi 12 shi ne matakin da ya kamata a fara daga kansa idan ana nufin taga uku zuwa biyar na wasan da ba shi da nauyi sosai. A ɓangaren AMD akwai Ryzen 5 3600 ta 2019 da Ryzen 5 5600 ta 2022, duka cibiya 6 da layi 12. A ɓangaren Intel akwai Core i5-12400F ta 2022 mai irin wannan adadi. Wanda yake da ɗan hali, kuma tagoginsa sun haura haka, Ryzen 7 5700X mai cibiya 8 da layi 16 za ta ba shi sarari. Na fi karkata ga waɗannan na AMD saboda dalili ɗaya mai sauƙi: duka ukun suna zama a gurbi iri ɗaya mai suna AM4, a kan babban allon kwamfuta da ake kira madabod. Mutum zai iya farawa da 3600 a kan allo irin B450 ko B550, bayan shekara ya cire ta ya sa 5700X ba tare da ya sake allo ko ram ba, sai dai wani tsohon allon yana buƙatar a sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikinsa, tukuna.

Mu kula da harafin ƙarshe. F a furosesar Intel yana nufin ba ta iya fitar da hoto da kanta, dole sai an haɗa ta da katin hoto. Su ma 3600 da 5600 da 5700X haka suke, duk da ba su da harafin. Wadda ke fitar da hoto da kanta a gidan AMD ita ce mai G, kamar Ryzen 5 5600G, kuma tana iya riƙe wasanni marasa nauyi kafin a samu kuɗin kati.

Akwai wata hanya da ke jan hankalin matasa, wato tsofaffin furosesoshin Xeon da aka ciro daga manyan kwamfutocin kamfanoni, ana haɗa su da allon X99 ƙirar Sin ana sayarwa da araha. Xeon E5-2680 v4 ta 2016 tana da cibiya 14 da layi 28, adadin da kan sa mai saye ya ji ya yi tsintuwa. Gaskiya tana iya riƙe tagogi masu yawa na ƙananan wasannin waya. Amma kowace cibiyarta ba ta kai ta Ryzen 5 5600 sauri ba, an kuma ƙiyasta zafinta a wat 120 yayin da na waccan yake 65. Ba ta cikin jerin furosesoshin da Microsoft ta amince su ɗauki Windows 11, ga shi kuwa an daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Ingancin allunan kuma ba ɗaya ba ne, idan ya lalace samun mai gyara aiki ne. Araha ba ta ado. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma kwamfuta ta dogara da inbata ko sola ko janareta, wannan bambancin wat ɗin kuɗi ne da ake biya kullum. Furosesar da ta yi zafi fiye da kima rage gudunta take yi da kanta don kada ta ƙone, sai a ga wasan da ya tafi sumul da safe yana ɗingishi da azahar. Fanka mai kyau da share ƙurar hunturu suna cikin lissafi.

Sau da yawa ma ba furosesa ce ke fara gazawa ba, ram ce. Ram ita ce ma'ajiyar wucin gadi da wasa ke shimfiɗa kayansa a kai yayin da yake gudana, kamar teburin yanka a shagon telan nan. Kowace taga tana cin nata rabon. Gigabait 8 ba za ta kai ko'ina ba. 16 za ta riƙe taga biyu ko uku, amma mai son fiye da haka ya nufi 32, kuma ya sa sanda biyu maimakon ɗaya, domin furosesa ta fi saurin ɗiba ta ƙofa biyu. Gara Ryzen 5 da ram isasshiya da Ryzen 7 mai ƙarancin ram. Masu amfani da BlueStacks ko LDPlayer su tabbata an kunna musu saitin VT-x a Intel, ko SVM a AMD, a cikin BIOS; rashin kunna shi kaɗai yana sa na'ura mai ƙarfi ta yi kamar tsohuwa. Rage ingancin hoto da yawan hotunan da tagogin baya ke fitarwa a daƙiƙa shi ma yana sauke nauyi sosai, kuma kyauta ne.

Kafin duk wannan, mu karanta dokar wasan. Kamfanoni ba su da ra'ayi ɗaya. EVE Online ya yarda da asusu da yawa idan ana biyan kuɗinsu, amma asusun kyauta ba a buɗe shi tare da wani, kuma tun Janairun 2015 ya haramta danna maɓalli ɗaya ya yi aiki a tagogi da yawa. Kamfanin Blizzard ya yi irin wannan hani a wasansa World of Warcraft a Nuwamban 2020. Ba mu manta da 2024 ba, lokacin da matasanmu suka duƙufa kan Hamster Kombat a Telegram, wasu da asusu barkatai, daga baya masu wasan suka hana ɗimbin asusai rabonsu bisa zargin maguɗi, waɗanda suka samu ma da yawa abin bai kai yadda suka yi tsammani ba. Kada mu ci bashi ko mu sayar da kadara don haɗa kwamfuta bisa alkawarin kuɗin da wasa zai bayar.

Gwajin da ya fi kowace shawara yana hannunmu. Mu buɗe wasan a taga ɗaya a kwamfutar da muke da ita ko ta aboki, mu shiga Task Manager ta Windows mu ga nawa yake ci na furosesa da na ram, sannan mu buɗe ta biyu mu sake dubawa. Daga nan za mu iya ƙiyasta abin da taga biyar za ta nema, mu bar sarari ga Windows kanta. Ranar saye kuma, musamman idan kayan na hannu ne, mu roƙi mai shago ya kunna na'urar a gabanmu, mu duba cikakkiyar lambar furosesar da yawan cibiyoyinta a Task Manager ko manhajar CPU-Z, mu buɗe tagogin da muke nufi mu bar su su yi aiki na rabin awa. Mai kaya nagari ba zai ƙi ba. Idan tagogin sun tsaya daram har fankar ta ɗumama, sai mu biya, mu karɓi rasit mai ɗauke da lambar furosesar.