Daƙiƙa arba'in na raɓa: yadda ƙaramin agogo ke raya dashe a tsakiyar hunturu

Duk wanda ya tashi a Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunci ko Tsanyawa ba sai an ba shi labarin hunturu ba. Leɓe ya tsage, kaushi ya fito, yunifom ɗin da aka shanya bayan an taso daga makaranta ya bushe ƙarau kafin la'asar. Mu da muke da fata da man shafawa ke nan. To ina ga ɗanyen reshen gwaba da aka yanko yau da safe, ba shi da saiwa ko ɗaya, ga ganye a jikinsa yana ta zubar da ruwa?

A wannan makon za mu duba wannan reshen ne, domin akwai sana'a a tattare da shi. Ƙasarmu a cike take da jama'a, gona na manne da gona, kusan babu saura. Masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya shafe shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, kuma abin da ya fi jan hankalinsa har da yadda manomanmu ke barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gona suna kula da su kamar dabbobin gida. Matashin da ba zai samu kadada ba zai iya samun lungu ɗaya a bayan ɗaki. A wannan lungun ana iya renon dashen gwaba ko lemun tsami, a sayar idan damina ta faɗi.

Me ya sa ba za a shuka ƙwallo kawai a huta ba? Saboda gwabar da ta fito daga iri ba lallai ta gaji uwarta ba, tana iya fitowa ƙanana ko marasa zaƙi. Amma reshen da aka yanko ya yi saiwa, shi da uwar abu ɗaya ne, kuma yakan riga na iri fara 'ya'ya. Dalilin da ya sa masu lambu ke yi wa mangwaro aure ke nan. Wahalar ita ce makonnin farko, wata ɗaya zuwa biyu, kafin saiwa ta fito.

A ƙarƙashin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke fita ya bi iska. Itacen da ke da saiwa yana mayar da abin da ya rasa daga ƙasa. Yankakken reshe kuwa fita kawai ruwan ke yi. Idan iskar da ke kewaye da shi ta ƙoshi da laima, ba za ta ja ruwan ganyen sosai ba. Idan busasshiya ce, kafin rana ta faɗi ya yi yaushi. Masu renon irin wannan dashe suna neman laimar iska ta kai kashi 80 zuwa 90 cikin 100. A Kano da rana tsaka cikin Janairu ko Fabrairu takan sauka ƙasa da kashi 20.

Maganin da ake yi shi ne a gina wa dashen ɗan ɗakinsa. A haɗa kanta ta katako, a lulluɓe ta da farar leda, a ajiye inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanta kai tsaye, sannan a sa na'urar feshin raɓa a ciki. Wadda ta fi yawa a shagunan kayan lantarki tana da ɗan faifai a ƙasan tankinta wanda ke karkarwa kimanin sau miliyan 1.7 a daƙiƙa ɗaya. Wannan karkarwar ce ke farfasa ruwa ya tashi fari kamar hayaƙi, amma da sanyi. Ba ta cin wuta, ƙaramarta ba ta wuce wat 20 zuwa 30 ba, don haka ƙaramin sola da batir da inbata na iya ɗaukarta.

Mu ma da muka fara gwadawa a nan muka yi kuskure. Muka kunna na'urar muka bar ta tana aiki dare da rana, a tunaninmu yawan raɓa shi ne gata. Cikin 'yan kwanaki yashin ya jiƙe sharkaf, gindin rassan ya yi baƙi, fumfuna ta hau ganye. Wanda hunturu bai kashe ba, ruwa ya ruɓar da shi. Reshen da zai yi saiwa yana buƙatar iska a gindinsa kamar yadda yake buƙatar laima a ganyensa, kuma yashin da ya cika da ruwa ba shi da gurbin iska.

Ku ɗauko biro mu yi lissafin da ya kamata mu yi tun farko. Iskar da zafinta ya kai digiri 30 a ma'aunin Salshiyas tana iya riƙe ruwa kimanin giram 30 a kowace kubik mita, ba ta wuce haka. Idan laimarta kashi 20 ce, giram 6 ke nan take ɗauke da shi. Muna so ta kai kashi 85, wato kusan giram 26. Saura giram 20. A ce kantarmu tsawonta mita 1, faɗinta rabin mita, tsayinta mita 2, kubik mita ɗaya ke nan cif. A ce kuma na'urar tana fitar da ruwa mililita 300 a awa, wato giram 5 a minti. Minti 4 ya isa ta ƙosar da iskar kantar. Bayan nan duk abin da ta fitar ba shi da wurin zama, sai ya taru a jikin leda ya riƙa ɗiga.

Da an kashe ta kuma laimar za ta fara zurarewa ta kafofin leda. Idan ta sauka daga kashi 90 zuwa 80, giram 3 ne kawai ya tafi. Mayar da giram 3 bai fi aikin daƙiƙa 40 ba. Abin da dashen ke so ke nan: feshi kaɗan, hutu, feshi kaɗan, hutu, tun safe har dare. Babu ɗalibin da zai iya tsayawa yana danna makunni haka, sai dai idan ya bar makaranta, kuma ba mu ba da wannan shawarar ba.

Shi ya sa ake sa taima, wato agogon da ake maƙalawa a soket ya riƙa kunna kaya yana kashewa da kansa. Sai dai taima iri-iri ce, kuma mai shago zai miƙo muku wadda ke kusa da hannunsa ne. Mai arahar ita ce mai zagayayyen faifai da ƙananan haƙora a gefe. Ku ƙirga haƙoran. Galibi 96 ne, kowane ɗaya minti 15, wasu ma 48 ne masu rabin awa. Mafi ƙarancin kunnawarta minti 15 ke nan, kuma a lissafinmu giram 75 na ruwa ne za a zuba inda ake neman 3. Ga wani aibin: da wutar soket faifanta ke juyawa, da an ɗauke wuta sai agogon ya tsaya, idan an dawo da ita ya ci gaba daga inda ya kwana.

Mai allon lambobi ta fi ta. Tana iya kunnawa na minti ɗaya, kuma tana da ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci. Amma yawancinsu umarni kaɗan suke karɓa a yini, kamar 10 zuwa 20, alhali mu muna iya buƙatar fiye da sau 100. Wadda ta dace ita ce taima mai maimaitawa. Ita ba ruwanta da ƙarfe nawa ne. Lamba biyu kawai ake ba ta, tsawon kunnawa da tsawon hutu, misali daƙiƙa 40 da minti 10, sai ta yi ta maimaitawa. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun cikin shekarun 1950 masu renon itatuwa a Amurka suka gano cewa feshi mai yankewa ya fi feshi mara yankewa fitar da saiwa.

Kafin ku ba da kuɗi, ku gwada abu ɗaya a shagon. Ku kunna na'urar raɓar, ku zare filoginta, ku mayar. Idan ta tashi da kanta, ta yi. Idan sai an sake taɓa wani maɓalli, taima ba za ta iya sarrafa ta ba, domin taima wuta kawai take yankewa ta dawo da ita. Masu makunnin murɗawa sun fi dacewa da wannan aikin.

Yanzu ga inda muke ganin mutane na yaudarar kansu. Taima makauniya ce. Tana ƙirga lokaci, amma ba ta san ko ganye ya bushe ko yana ɗiga ba. Iskar da ke riƙe giram 30 da rana, idan sanyin asuba ya saukar da ita digiri 15, kimanin giram 13 kawai za ta iya riƙewa. Saitin da ya yi daidai da azahar zai jiƙa komai da tsakar dare. Haka saitin Janairu ba zai yi aiki a Agusta ba, lokacin da sararin kansa ke cike da laima. Don haka ku rataya ƙaramin ma'aunin laima a cikin kantar, nesa da bakin na'urar, ku riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba da azahar da magariba a bayan littafinku na darasin noma. Bayan mako guda lambobin za su gaya muku ko ku ƙara hutu ko ku rage. Da yawa sukan kashe feshin gaba ɗaya da dare. Akwai na'urar da ke auna laimar ta kunna da kanta, ta fi tsada, kuma ko ita idan raɓa ta jiƙa ma'auninta sai ta riƙa ba da lambar ƙarya.

Ruwan ma abin dubawa ne. Na wasu rijiyoyin burtsatse yana da gishiri-gishiri, na'urar kuma da shi take fesawa, sai ku ga farar ƙura a kan ganye, faifan ya yi ɓawo ya rage ƙarfi. A wanke tankin duk bayan kwana biyu ko uku, domin ruwan da ya kwanta yana tara ƙwayoyin cuta, kuma ku ma kuna shaƙar wannan raɓar. Soket da taima su zauna a wajen leda, sama da ƙasa, inda ɗigo ba zai kai ba. Haɗa waya kuwa aikin babba ne, a kira mai gyaran wuta ko malamin fasaha.

Mun san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafin garinsu ba wuta, ba kuma kuɗin sola. Ba a bar ku a baya ba. Wani masanin itatuwa, Roger Leakey, da abokan aikinsa sun wallafa bayanin wani akwatin reno a 1990 wanda ba ya buƙatar lantarki ko famfo, kuma an yi amfani da shi sosai a ƙauyukan Kamaru. Akwatin katako ne da aka shimfiɗa wa leda mara huda, a jera duwatsu a ƙasa, tsakuwa a kansu, yashi a sama. A zuba ruwa ya cika tsakanin duwatsun ba tare da ya haura yashin ba, a kafa rassan, a rufe da murfin leda. Ruwan ƙasan ne ke tashi a hankali ya riƙe laimar. Duk wanda ya san yadda Mohammed Bah Abba, malamin nan da ya koyar a Dutse, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, zai gane cewa dangi ɗaya ne. A wannan akwatin ku ne taimar: feshi da ƙaramar kwalba kafin tafiya makaranta, wani bayan an taso, da duk lokacin da aka buɗe murfi.

Ƙungiyar matasa manoma ta makarantarku na iya haɗa guda biyu, ɗaya mai taima ɗaya akwati, a sa rassa 20 a kowanne daga bishiya ɗaya, a rana ɗaya. Ku yanko da sassafe, tsawon kamar taƙi ɗaya, ku bar ganye biyu a sama ku rage rabin kowanne da almakashi. Idan kuna kusa da Dambatta, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako na nan, ku roƙi malaminku ya kai ku ku yi tambaya a kan maganin fitar da saiwa. Bayan mako shida ku ja kowane reshe a hankali. Wanda ya yi turjiya ya kama. Ku ƙirga, ku aiko mana da lambobin tare da sunan makarantarku.